Wuni Ɗaya a Magarya

Tun ranar da aka karɓi gaisuwar Sama'ilu a gidan Baba Kura, mahaifin Asma'u, mutanen Babura suka ɗauka magana ta ƙare, sai sa rana. Asma'u kuwa ta shiga tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Malamar firamare ce, bara ta gama makarantar horon malamai, shi kuma malamin dabbobi ne da aka turo daga Kazaure. Ba a ko fara zancen sadaki ba, amma ita har ta zaɓi launin labulen ɗakinta, ta raɗa wa 'yarta ta fari suna a zuci. Masu soyayya ba su iya jiran kowa ba.

Ana cikin haka sai Ya Kura, yayar mahaifinta, ta iso daga Roni da maganar da ta tsayar da komai. Ta ce ta ji a wani gidan suna cewa mace ɗaya ce ta shayar da Asma'u da Sama'ilu. In kuwa haka ne, wa da ƙanwa ne, aure ya haramta a tsakaninsu har abada.

Rabin maganar kowa ya sani. Mahaifiyar Asma'u ta rasu ko arba'in ba ta yi ba, wata maƙwabciya mai suna Hajja Kaka ce ta ɗauki jaririyar ta ba ta nono. Ɗaya rabin ne babu mai iya rantsewa a kai. Iyayen Sama'ilu sun taɓa zama a unguwar, shekaru kafin a haifi Asma'u, kuma mahaifiyarsa ta yi wani zazzaɓi bayan haihuwarsa wanda ya ɗauke mata hankali. Da aka aika Kazaure aka tambaye ta, ta ce abin da take tunawa kawai shi ne ana fita da yaron yana kuka, a dawo da shi yana barci. Tsohuwar da ke fita da shi ta daɗe a ƙasa. Hajja Kaka kuma ta koma garinsu Magarya, can ƙetaren iyaka, tun da mijinta ya rasu.

Asma'u ba ta yarda da ko kalma ɗaya ba. Ta san Ya Kura ta daɗe tana yi wa Muhammadu Lawal kamun ƙafa, ɗan ƙanin mijinta, wani ɗan kwangila daga Gwiwa da kuɗin mai suka faɗo wa a ka. Yana da farar Fijo, yana da agogon da yake dubawa ko ba a tambaye shi lokaci ba, kuma ya riga ya aiko da keken ɗinki da rediyo mai kaset, duk suna zaure ba a kwance su ba.

“Ya, me na yi miki?” in ji Asma'u, tana durƙushe a gabanta, hawaye na zuba a tabarma. “In ba kya son sa, ki ce ba kya son sa. Don me za ki jawo nonon da ya raya ni ki sa a tsakani?”

“Asma'u, ina son ki auri Muhammadu Lawal, ban ɓoye ba, ba kuma zan ɓoye ba,” in ji Ya Kura. “Amma ban kai lalacewar da zan yi wa Allah ƙarya don mota ba. Da na ji maganar nan abinci gagara ta ya yi. In na yi shiru, kuka haihu, sannan ta fito, da wane ido zan dubi 'ya'yanku?”

Ita ma kuka take yi. Asma'u ta dubi hawayen ta ce a ranta, lalle tsohuwar nan ta iya.

Baba Kura ba mai yawan magana ba ne. Ya yanke cewa a je a ji daga bakin mai nonon. Kawu, ƙanin marigayiya mahaifiyar Asma'u, shi zai kai su, tunda fataucin hatsi yake yi, hanyar Magarya a tafin hannunsa take. Su tafi da safe, su dawo kafin a rufe shinge da faɗuwar rana. Ya kuma kafa sharaɗi ɗaya: kada kowa ya gaya wa Hajja Kaka zancen aure ne ya kawo su, don kada tausayi ya lanƙwasa mata harshe. Abin da Kawu ya dawo da shi, shi ne hukunci.

Ranar tafiya Asma'u ta yi kwalliya kamar mai zuwa biki. Ai a wurinta bikin ne. Za a je, tsohuwa ta yi dariya ta ce ba ta ma san yaron ba, a dawo, Ya Kura ta koma Roni da kekenta na ɗinki.

A-kori-kura suka samu a tasha, an loda mata buhunan masara har sama. Kawu ya raba zama kamar alƙali: shi da Asma'u a gaba kusa da direba, Sama'ilu a baya kan buhuna tare da sauran maza. Ba a ɗaura ba tukuna, in ji shi, kuma shi ba a yin wannan a gabansa.

Damina ce mai albarka, irin wadda aka manta da ita a shekarun fari. Gero ya yi kai, ya fi mutum tsawo, hanyar rairayi ta ratsa tsakiyarsa kamar tsagar kitso. An yi yayyafi da asuba, ƙasa na ƙamshi, balbelu na bin shanu a fadama. Asma'u ta gano cewa in ta ɗan karkatar da kai, madubin gefe yana nuna mata bakin hular Sama'ilu da rabin kafaɗarsa. Rabin kafaɗar nan ta ishe ta tafiyar gaba ɗaya. Ta gina musu gida a Kazaure kusa da duwatsu, ta shuka lalle a tsakar gidan, ta aurar da 'yarsu, duk kafin su wuce Babban Mutum. Kawu na ba direba labarin farashin wake, ita ba ta ji komai ba.

Shingen Nijeriya gora ce doguwa a kan durom biyu, da rumfar kwano a gefe. Ma'aikacin kwastan ya san Kawu, suka gaisa har da tambayar iyali, ya ɗan bubbuga buhu biyu don kada a ce bai yi aiki ba, aka ɗaga gora. Daga nan zuwa shingen Faransa, kamar yadda tsofaffi ke kiran ƙasar Nijar har lokacin, akwai ɗan fili mai zurfin rairayi wanda mota ba ta iya wucewa da mutane. Kowa ya sauka ya taka.

Kawu ya yi gaba da direba suna duba inda tayar za ta bi. A karo na farko tun da Ya Kura ta zo, Asma'u ta samu kanta kusa da Sama'ilu babu bango a tsakani. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, rairayin da sanyi.

“Malam, ka san nan ba ƙasar kowa ba ce?” ta ce. “Mun bar ta Baba, ba mu shiga ta jandarmomi ba. Da za a ba ni zaɓi, a nan zan kafa bukka.”

Ya yi murmushi, amma murmushin bai kai ido ba. Ya ce mata shi dai gabansa faɗuwa yake yi tun jiya. Ya ce akwai wata waƙar reno da yake ji a kansa tun yana ƙarami, ba ta Hausa ba ce, ta Barbarci ce, kuma mahaifiyarsa ba ta jin Barbarci. Asma'u ta yi dariya ta ce rabin Babura Barebari ne, ko a bakin rijiya zai iya tsintar waƙa. Ta ce masa malamin da ke danne bijimi ya yi masa allura bai kamata ya ji tsoron tsohuwa ɗaya ba. Ya yi dariyar shi ma, don ta ji daɗi. Ta so filin nan ya yi tsawo har Agadas, amma 'yan taku kaɗan sai ga tutar Nijar.

Magarya ta yi mata kamar garin mafarki. Hausa ɗaya ake yi, amma da wani lanƙwasa a ƙarshen magana. Ga raƙuma durƙushe a bakin kasuwa, ga burodi dogo kamar sanda a cikin kwando, ga masu canji suna kiran sefa. Mata sun yi wani irin kitso da ba ta taɓa gani ba, nan take ta ƙudura shi za a yi mata ranar kamu. Kawu ya sayi goro da sukari na gaisuwa, ya sake ja musu kunne: shi kaɗai zai yi tambaya, kuma ba zai yi ba sai an sha ruwa an ci abinci, don ba a shiga gidan mutum da tambaya a baki kamar ɗan doka.

Gidan Hajja Kaka na bayan masallacin unguwa, ɗaki biyu da bishiyar darbejiya. Suka tarar da ita tana turara zannuwa a kan kasko, ƙamshin ya cika tsakar gida. Doguwa ce siririya, ba ta tsufa yadda Asma'u ta zata ba. Ta amsa sallamar Kawu, ta gane shi, sannan idonta ya sauka kan Asma'u. Ba ta tambayi ko wace ce ba. Ta ce fuskar marigayiya ce sak, ta rungume ta tana shinshina wuyanta kamar jaririya. Asma'u, wadda ba ta san ƙirjin uwa ba, ta ji wani abu ya kwance a cikinta. Ta ƙaunaci matar nan take.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Sai da aka gama gaisuwar gajiya da ta damina da ta mutanen Babura ɗaya bayan ɗaya, masu rai da matattu, sannan Hajja Kaka ta dubi saurayin da ke zaune a bakin tabarma ya sunkuyar da kai, ta tambayi ɗan wane ne. Kawu ya ce Sama'ilu ne, ɗan malamin harajin nan da ya taɓa zama bayan gidansu kafin a mayar da shi Kazaure.

Ludayin da ke hannunta ya tsaya.

“Sama'ila?” ta ce a hankali. “Wanda uwarsa ta yi zazzaɓi?”

Ta matso, ta kama fuskarsa da hannu biyu, gemu da komai, ba ta ko ji nauyi ba.

“Ashe ka rayu. Ashe ka zama mutum. Kullum kakarka za ta kawo mini kai a ɓoye ta ƙofar baya, wai kada dangin ubanka su ce uwarka ta kasa. Lokacin ɗana na fari bai daɗe da komawa ba, nono na zuba babu mai sha. Damina guda cur kana ƙirjina. Ke kuma,” ta juya ga Asma'u, “ke kika sha na autana, shi ma bai zauna ba. Duk wanda na haifa ƙasa ta karɓe. Ku biyu kaɗai nonona ya raya, yau ga ku Allah ya kawo mini a tabarma ɗaya. Wa ya gaya muku ku 'yan'uwa ne har kuka zo tare?”

Ba ta ma jira amsa ba, murna ta hana ta zama. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta su zo su ga 'ya'yanta. Ta sa aka kama zakara. Tana fige shi tana rera wata waƙa da Barbarci, Asma'u ta ga leɓen Sama'ilu na bin waƙar ba da saninsa ba.

Asma'u ta ji duniya ta yi nisa, kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Tana ganin hayaƙin turare na tashi, tana ganin inuwar darbejiya na motsi a bango, amma ta kasa gane me ya haɗa ta da su.

Da abinci ya nuna, Hajja Kaka ta zuba wa Kawu nasa daban, ta zuba na su biyun a akushi ɗaya. Ta ce wa da ƙanwa ba sa raba akushi a gidanta. Ta zauna tana kallon su, tana tura wa wannan cinya, tana tura wa waccan hanta. Sai ta tambaya ko an yi wa Asma'u miji. Da aka ce tukuna, ta dafa gwiwar Sama'ilu.

“To kai ne babba. In manema sun zo, ka tsaya mata. Kada ka bari a ba da ƙanwarka ga wanda bai san darajarta ba.”

Kawu ya gyara murya zai yi magana. Asma'u ta dube shi ta girgiza kai. Matar nan ta binne 'ya'yanta duka, yau ɗaya ta samu biyu, ba za a gaya mata cewa alherinta ne ya yanka su ba. Hawayen da ta riƙe suka ɓalle. Hajja Kaka ta jawo ta jikinta tana lallashi, ta ce ta yi kukanta, maraicin uwa ba ya tsufa.

Bayan la'asar suka yi sallama. Ta ba Asma'u turaren wuta a kwalba, ta ba Sama'ilu hula, ta raka su har bakin titi tana roƙon su dawo da Salla.

A tasha, ana jiran mota ta cika, Kawu ya ce zai je ya ga wani mai wake. Ko wake ne ko tausayi, ya dai bar su a gindin wata tsamiya.

“Ma'u,” in ji Sama'ilu. “Na taɓa ji malamai na cewa shaidar mace ɗaya ba ta raba aure. Ita kaɗai ce ta sani. Kakata ta rasu. Babu na biyu.”

“Kai ne na biyu, Malam. Na ga bakinka yana bin waƙar.”

“Jariri ne ni. Me na sani? An tambaye ni kafin a kai ni? Shekara biyu ban kwanta ba tare da na ga fuskarki ba, yanzu a wuni ɗaya a ce in kira ki ƙanwa? Bakina ba zai iya ba. Wallahi ba zai iya ba.”

“Ni ce na ce maka ƙarya ce,” ta ce tana kuka. “Ni ce na yi kwalliya. Da na sani da na bar mu a cikin shakka, ko shekara goma ce, ina ganin ka kana wucewa a kan babur ina cewa wataƙila.”

“To mu koma cikin shakkar. Ki ce ba ta tuna ba. Ki ce tsufa ya taɓa ta.”

Asma'u ta share hawaye da gefen mayafinta. Tana son sa a lokacin fiye da kowane lokaci, kuma abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Kawu ya dawo ba wake. Ya dubi idanunsu, ya zauna a kan tushen tsamiyar ya daɗe yana murza carbi. Shi ya yi wa 'yar'uwarsa alkawarin yarinyar nan a kan gadon mutuwa, kuma bai taɓa iya ganin kukanta ba. Daga ƙarshe ya ce, ba tare da ya dube su ba, an aiko shi ya yi tambaya, shi kuwa bai yi tambaya ba, ba a kuma amsa masa ba. In Asma'u ta ce ya gaya wa Baba Kura ba a samu tabbas ba, zai faɗa, ya ɗauki nauyin a wuyansa har gaban Allah. In ta ce ya faɗi abin da kunnensa ya ji, zai faɗa. Ta yi tunani kafin su isa gida.

Gaban motar an ba wata mai jego, don haka duk suka hau baya. Kawu bai raba zama ba. Ya zauna can ƙarshe ya juya musu ƙeya, Asma'u ta samu kanta kafaɗa da kafaɗa da Sama'ilu a kan buhunan kanwa. Rana ta yi ja, ta kwanta a kan gero, garken shanu na komawa gida. Duk ramin da mota ta faɗa sai kafaɗarsa ta taɓa tata. Ta rufe ido. Ta ga gidan Kazaure, ta ga lallen tsakar gida ya yi tsawo, ta ga 'yarta ta fari a cinyarta tana neman nono. Sai ta ga kanta tana kallon fuskar jaririyar tana lissafin abin da ta sani, yau da gobe da jibi, ita kaɗai, har ta mutu.

Motar ta tsaya a shingen Nijar. Jandarman yamma ba na safe ba ne, wani dogo ne mai son aiki. Ya zagayo baya yana duban fasinja ɗaya ɗaya, yana tambayar kowa inda ya fito da inda za shi. Da ya zo kansu ya ga mace da kwalliya da jajayen idanu, ga namiji a gefenta shi ma ido jawur, sai ya tsaya.

“Malama, lafiya? Wannan maigidanki ne?”

Sama'ilu ya juyo ya dube ta. Duk roƙon duniya na cikin idonsa. Carbin Kawu ya daina motsi.

Asma'u ta ɗago kai ta dubi jandarman.

“Yayana ne,” ta ce. “Nono ɗaya muka sha. Mun je gaida uwarmu.”

Jandarman ya ce Allah ya ba da lada, ya ɗaga hannu aka janye shinge. Aka ce kowa ya sauka ya taka rairayi. Sama'ilu ya riga ta dira, ya tsaya a ƙasa ya miƙo mata hannu a gaban Kawu da kowa, abin da bai taɓa samun ikon yi ba. Ta kama, ta sauka. Ita ce ta fara saki.